Na mari ɗana don ya yi kuka, ni kuma barci ya ƙaurace mini

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne a nan Sakkwato, shekaruna 36, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Da ina kai kaya Ƙonni da ke Nijar ta hanyar Illela, in sayo wasu in dawo. Da aka rufe iyaka a 2023 kayana suka maƙale, jari ya karye, har yau ban farfaɗo ba, ga bashin mutane a kaina. Ba wanda ya sani, har maiɗakina. Kullum da safe nakan sa manyan kaya in fita kamar mai zuwa kasuwa, in je majalisa in zauna har la'asar. In ta tambaye ni abin da ke damuna sai in hau ta da faɗa, na sha ce mata in ta sake tambaya ta tafi gidansu. Makon jiya babban ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga keke a ƙofar gida, a gaban abokaina, ya fashe da kuka. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wanga yaro naka rago na, kamar ɗiya mace." Na tashi na kwaɗa masa mari, na ce namiji ba ya kuka. Tun ranar in na shigo sai ya ɓuya bayan uwarsa. Ba na iya barci, wani aboki ya ba ni ƙwaya ina sha. Wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kar in farka. Haka mahaifinmu ya rene mu, ban taɓa ganin hawayensa ba. Kawu, in na faɗa wa matata halin da nake ciki ba za ta raina ni ba? Mutane ba za su ce na zama mijin-ta-ce ba?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yaye maka, ya biya maka bashin nan ta inda ba ka zato.

Akwai maganar da ka saƙa can kusa da ƙarshen wasiƙarka ka wuce ta da sauri, cewa wani lokaci kakan ji da ma ka kwanta kar ka farka. Da ita zan fara, domin ta fi bashin gaggawa. Mutumin da ya daɗe ba ya barci, abu kaɗan ya harzuƙa shi, har ya fara ganin mutuwa kamar hutu, alamun ciwon damuwa ne a tare da shi, ciwon da likitoci suka sani kuma suke da maganinsa. Ba raunin imani ba ne, ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma mazan cikinsu sun ninka mata fiye da sau biyu. Daga cikin dalilan akwai wanda kai ma ka san shi. Mace in abu ya ishe ta takan sami 'yar'uwa ko maƙwabciya ta amayar mata da cikinta, ta yi kukanta, ta share hawaye ta tashi. Namiji kuwa tun yana yaro aka toshe masa wannan ƙofa. Ko wuta ke ci a ƙirjinsa, in aka ce ya gida, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau."

Don haka cikin makon nan ka je ka ga likita. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware. Na san yadda mutanenmu ke ɗaukar sunan Kware, har zolaya ake yi da shi. Amma da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su zauna da likita, su karɓi magani, su koma gida su ci gaba da harkokinsu. Ka ce a auna maka jini ma, domin hawan jini yana son irin zaman da kake yi. Ƙwayar nan kuma ka tafi da ita ka nuna wa likita, ka faɗa masa tun yaushe kake sha, domin wasu irinsu in jiki ya saba da su ba a yanke su dare ɗaya. Abokinka da nufin taimako ya ba ka, amma ta wannan hanya mutane da yawa suka faɗa. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da su, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. In kuma wani dare tunanin nan ya yi maka ƙarfi, kada ka zauna kai kaɗai da shi. Ka tashi matarka, ko ka kira ɗan'uwanka, ko ƙarfe nawa ne.

Yanzu mu koma ƙofar gidanka a wannan yammacin. Ɗan shekara 7 ya faɗo daga keke, ya ji zafi, ya ɗago kai. Wa yake nema da idonsa a cikin mutanen da ke zaune? Kai. Ya ga ka taso, ya ɗauka ɗaga shi za ka yi. Ɗana, ka yi mini haƙuri in faɗa maka gaskiya: marin nan ba don tarbiyyar yaron ka yi shi ba. Don mutanen da ke kan tabarmar ka yi shi. Kai da ka daɗe kana tsoron kada su gane jarinka ya karye, sai ga wani ya jefa kalmar ragwanci a ƙofar gidanka, ta faɗa daidai inda ke maka ciwo. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ka naɗe taka a kuncin yaron da bai ci bashin kowa ba.

Shi kuwa a ranar karatu biyu ya ɗauka. Ya koyi cewa jin zafi abin kunya ne, a ɓoye shi ko da daga uba. Ya kuma koyi cewa in ran babba ya ɓaci, a kan ƙarami yake hucewa. In aka bar shi da wannan karatu, nan da shekara 30 shi ne zai sa manyan kaya ya fita da safe ba inda za shi, ya dawo ya hau matarsa da faɗa.

Ka ce namiji ba ya kuka. Wa ya faɗa? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa, idanunsa suka zubar da hawaye a gaban sahabbai. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wannan shi ne mutumin da ya tsaya a Uhudu, aka ji masa rauni a fuska bai gudu ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne Alƙur'ani ya ambato yana cewa haƙuri mai kyau. Ashe haƙuri da hawaye suna zama a ido ɗaya. Mu mutanen ƙasar nan mun san kokawa, mun san yadda fili ke ɗaukar sowa in an kai ƙato ƙasa. To, Annabi ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa a lokacin fushi. Da wannan ma'auni za ka auna abin da ya faru a ƙofar gidanka, ba da bakin abokinka ba.

Mahaifinka kuma ba zan taɓa mutuncinsa ba. Mutanen zamaninsu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ciyar da gidaje a lokacin da rumbu ya koma wayam, kuma dauriyarsu da kawaicinsu abin koyi ne. Amma rashin ganin hawayensa ba ya nufin bai zubar ba. Wataƙila a sujada yake yi, wataƙila a gona, wataƙila mahaifiyarku ta san abin da ku ba ku sani ba. Ka ɗauki dauriyarsa da riƙon amanarsa. Abin da ya sa kuka girma kuna tsoron tunkararsa da damuwarku kuwa, ba dole ba ne ka miƙa wa ɗanka shi.

Wannan abu ba gidanka kaɗai yake ci ba, shi ya sa nake jin zafinsa. "Yi ta maza" magana ce mai kyau in gobara ta tashi ko an shiga tsakanin mai ƙarfi da mai rauni. Amma mun mayar da ita wani abu dabam. Da ita magidanci ke ƙin zuwa asibiti har sai ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Da ita ake zuga mutum ya saki matar da yake so, don kada a ce an mallake shi, 'ya'ya su watsu tsakanin gidan kaka da gidan kishiyar uwa. Da ita wani ke hana matarsa zuwa awon ciki don kawai ita ta fara kawo maganar. Da ita 'yan siyasa ke samun samarin da za su riƙa musu gora da wuƙa, domin yaron da aka koya wa cewa namiji shi ne wanda ake tsoro, in bai sami sana'a ba zai nemi a ji tsoronsa ta wata hanya. Kuma abin takaici a garin Shehu muke wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki mazan zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗaukar su kamar kayan aikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi karatu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, kuma manyan maza na daula suna jin shawararta. A garin da aka yi wannan, bai kamata "kamar ɗiya mace" ya zama zagi ba.

Sai tambayarka: za ta raina ka? Ɗana, matarka ta riga ta san akwai matsala. Macen da ke karɓar kuɗin cefane ita ce ta fara sanin ranar da ya ragu. Tana ganin wayarka tana ƙara kana kifa ta, tana jin juyinka a kan gado har asuba. Abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma wannan rashin sanin ya fi gaskiyar azaba. Wataƙila tana zaton aure za ka ƙara. Wataƙila tana zaton ita ta yi maka laifi, tana ta lissafin abin da ta faɗa da wanda ba ta faɗa ba. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma manoman albasa na Goronyo da Wurno sun san in aka tara ta a inda iska ba ta ratsawa, daga ciki take fara ruɓewa, bayanta yana nan da kyau. Gidanka yana bukatar iska.

Lokacin da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, Manzon Allah gida ya nufa jikinsa yana rawa, ya ce wa Nana Khadija ku lulluɓe ni, ya faɗa mata cewa ya ji wa kansa tsoro. Ba ta raina shi ba. Ta lissafa masa kyawawan halayensa, ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal. A Hudaibiyya, da sahabbai suka yi jinkirin yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, Ummu Salama ce ta ba shi shawarar ya fita ya fara yin nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, ya bi shawararta, al'amarin ya warware. Nana A'isha ta ce a gida yana cikin hidimar iyalinsa, kuma bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Duk wanda zai kira mai jin shawarar matarsa mijin-ta-ce, sai ya fara tunanin inda maganarsa za ta faɗa.

Ka zaɓi dare bayan yara sun yi barci. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata, "Akwai abin da na ɓoye miki, kuma faɗan da nake miki ba laifinki ba ne." Sannan ka faɗi komai: yaushe jarin ya karye, nawa ake bin ka, ina kake zuwa da safe. Kada ka rage adadin don ka rage kunya, domin in ragowar ta fito daga baya sai ta rushe abin da kuka gina. Ba zan yi maka alkawarin za ta yi murmushi ba. Tana iya yin kuka, tana iya jin haushin ka daɗe kana ɓoye mata, kuma tana da gaskiya. Ka saurara, kada ka kare kanka. In ta ce za ta taimaka da abin hannunta, ka sani sadakinta da 'yan kunnenta da kuɗin sana'arta nata ne, ba a karɓa sai da daɗin ranta, kuma in rance ne a rubuta.

Maganar "ki tafi gidanku" kuwa ka daina ta daga yau. A fiƙihun Malikiyya da muke bi ba sai an furta kalmar saki ƙarara ba, akwai lafuzzan kinaya da hukuncinsu ke komawa ga lafazin da niyyar mai faɗa. Ka sami malamin da ka amince da shi kai kaɗai, ka faɗa masa ainihin abin da ka furta da abin da ka nufa, ya warware maka. Ko a dokar ƙasa, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihar Sakkwato ta amince da tata a 2021, ba duka kaɗai ta ɗauka cin zarafi ba, har da muzantawa da barazana ta baki.

Bashi kuma ba a biyan sa da ɓuya. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowa da abin da yake bin ka. Ka je wurinsu da ƙafarka ɗaya bayan ɗaya, in da hali tare da wani dattijo da suke jin nauyinsa, ka ce ga abin da ya faru, ga abin da zan iya bayarwa duk wata. 'Yan kasuwar Sakkwato ba baƙin labarin rufe iyakar nan ba ne. Tun daga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe, motoci nawa suka yi layi a Illela kaya suna lalacewa? Ga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da ya ninka kuɗin mota. Mai bin bashi ya fi jin haushin wanda ke kashe waya a kan wanda ya zo ya zauna a gabansa. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. A Suratut Tauba, aya ta 60, ya sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ka je ka tambayi yadda ake nema. Haƙƙi ne da Allah ya ba irinka, ba bara ba ne.

Sannan ka cire manyan kayan nan ka nemi abin yi, ko wane iri ne na halal. Kai da ka san hanya, ka san farashi, ka san mutane a Ƙonni da Illela, akwai masu jari da ke neman amintaccen da zai riƙe musu kaya. Ko tsaron shagon wani ne, ko dillanci a kasuwar Kara, ka karɓa. Na san abin da zai yi maka nauyi shi ne a ga wanda da yake da yara yanzu ya zama yaron wani. Za a yi maganar mako ɗaya a majalisa, a wuce zuwa wata.

Ita majalisar ma, ba na ce ka yanke ta ba, mutum ba ya rayuwa ba abokai. Amma ka duba cikinsu ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri ka faɗa masa gaskiya. Kada ka yi mamaki in ya sunkuyar da kai ya ce shi ma haka yake. Mutumin da ke da harkar yi ba ya zama a kan tabarma daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya kira ɗanka rago kuwa, in ya sake, ka ce masa cikin natsuwa, "Yaro na, ya ji ciwo, ku bar shi," ka tashi ka ɗauki ɗanka.

Yaron kuma kada ka jira ya manta, ba zai manta ba. Kada ka aika uwarsa, kada ka sayo masa alawa ka miƙa ba magana. Ka kira shi, in ya ƙi zuwa ka je inda yake, ka durƙusa har fuskarka ta zo daidai da tasa, ka ce, "Ranar da ka faɗi na mare ka, ban kyauta ba. Ba laifi ka yi ba. In ka ji ciwo ka zo wurina." Wataƙila ba zai ce komai ba, wataƙila ya kalli uwarsa. Ka bar shi, ka maimaita da aiki. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Da yamma in rana ta yi sanyi ka fito da keken, ka duba birki da sarƙa, ka riƙe masa sirdi ta baya ya hau, a nan ƙofar gidan, ko abokan naka suna zaune.

In ka ga likita kuma ka yi magana da maiɗakinka, ka sake rubuto mini, mu duba lissafin bashin tare mu ga wanda ya kamata a fara biya.